An tsayar da jini, saura hanji: abin da ya kamata ku sani bayan tiyatar fashewar babbar jijiya

A jikin kowane ɗan Adam akwai wata babbar jijiya da ke ɗauko jini daga zuciya, ta gangaro ta ƙirji, ta ratsa ciki ta gaban ƙashin baya, sannan ta rabu biyu daidai saitin cibiya, kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. Likitoci na kiran ta ayota. Faɗinta a cikin baligi kimanin santimita 2 ne. Wani lokaci bangonta yakan yi rauni, ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, mai ita bai sani ba. Idan faɗin ya kai santimita 3, an ce jijiyar ta kumbura. Idan ya kai 5.5 ga namiji, ko 5 ga mace, akan ba da shawarar a gyara tun ba ta fashe ba, domin ranar da ta fashe, cikin mutum goma kusan takwas ba sa tashi, da yawansu ma ba sa isa asibiti da rai. Ita ce ta yi ajalin masanin kimiyyar nan Albert Einstein a Amurka, a watan Afrilun 1955.

Wannan bayani ya shafi waɗanda Allah ya sa suka isa ɗakin tiyata da sauran numfashi. Likita ya buɗe ciki, ya matse jijiyar daga sama don jini ya tsaya, ya ɗinka bututu na musamman a gurbin da ya fashe, ya rufe. Wani likitan Faransa, Charles Dubost, shi ya fara cire irin wannan kumburi cikin nasara a 1951, ya maye gurbinsa da guntun jijiyar wani mamaci. A 1990 kuma Juan Parodi na Ajantina ya yi amfani da hanyar zura bututun ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ciki ba. Ko ta wace hanya aka bi, aiki ne mai nauyi. A wani babban bincike mai suna IMPROVE da aka fitar a Birtaniya a 2014, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 613, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun rasu kafin cikar kwana 30.

Da an fito da mara lafiya, dangi sukan yi hamdala, a shiga buga waya ana sanar da 'yan uwa cewa aiki ya yi kyau. Hamdala ta dace, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A kwana biyu zuwa uku na farko, wani sashe na babban hanji zai iya mutuwa saboda jini bai ishe shi ba. Ga wanda aka yi wa gyaran da shiri, kafin jijiyar ta fashe, abin bai cika faruwa ba, mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100. Ga wanda aka yi wa na gaggawa kuwa, kusan mutum 1 ne cikin 10, kuma idan aka leƙa hanjin kowa da na'ura akan ga alamarsa a fiye da haka. Idan aka gano shi da wuri, sau da yawa magani da hutun hanji sun wadatar. Idan aka bari har bangon hanjin ya ruɓe, rabin waɗanda abin ya sama ko fiye ba sa tsira.

Me ya haɗa jijiya da hanji?

Jijiyoyi uku ne ke fita daga gaban ayota suna ciyar da kayan ciki. Ta sama tana kai jini ga hanta da saifa da tumbi. Ta tsakiya tana ciyar da ƙaramin hanji da ɓangaren dama na babban hanji. Ta ƙasa, wadda ita ce ƙaramarsu, tana kai wa ɓangaren hagu na babban hanji har zuwa saman dubura. To, mafi yawan kumburin ayota a ƙasan jijiyoyin ƙoda yake fitowa, daidai inda wannan jijiya ta uku ta samo tushe. Saboda haka idan za a sa bututu, ko dai likita ya ɗaure ta, ko bututun ya rufe bakinta. A jikin mutane da yawa ma ta riga ta toshe da daskararren jini tun kafin ranar tiyata.

Galibi wannan kaɗai ba ya kashe hanji. Akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke bin gefen hanjin suna haɗa ta tsakiya da ta ƙasa, sannan jijiyoyin ƙugu na turo wa dubura jini daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Wudil ya san halin gonar da ke ƙarshen magudana: muddin injin na ja da ƙarfi ruwa na isa gare ta, da zarar ya ja baya ita ce ke fara bushewa, na sama ba su ma san an yi ba. Haka hanjin hagu yake zama bayan an rufe jijiyarsa. Wurare biyu suka fi shan wuya: kwanar da hanji ke yi a ƙarƙashin saifa, da lanƙwasarsa ta ƙarshe kafin dubura.

Fashewa kuwa ita ce ke sa ruwan ya ja baya. Jinin baligi duka kimanin lita 5 ne. Idan wani kaso mai yawa ya malale a ciki, jiki yakan fifita ƙwaƙwalwa da zuciya, ya matse jijiyoyin hanji da na fata da na ƙoda. Magungunan da ake sawa cikin ƙarin ruwa don ɗaga ƙarfin jini suna ceton rai, amma suna ƙara matse waɗannan jijiyoyin. Jinin da ya taru a bayan hanji yana danne ƙananan hanyoyin da suka rage. Guntayen daskararren jini da kitsen da ke cikin kumburin ma kan ɓalle lokacin aiki su toshe wata hanya. Shi ya sa likitoci suka fi sa ido a kan wanda ya iso da awon jininsa na sama ƙasa da 90 kuma ya daɗe a haka, da wanda ya zubar da fiye da lita 2, da wanda aka yi wa ƙarin jini leda da yawa, da wanda zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, da wanda aka taɓa yanke masa wani sashe na babban hanji a baya.

Likitan tiyata yakan duba launin hanjin kafin ya rufe ciki, wani lokaci ya sake dasa jijiyar ƙasa a jikin bututun idan ya ga jini ba ya isa. Sai dai a aikin gaggawa jinin da ya zuba ya riga ya rine ko'ina, kuma kowane minti da aka ƙara a kan tebur hatsari ne ga mutumin da ke bakin mutuwa. Hanjin da ya yi kyau a ido da daddare zai iya lalacewa kafin gari ya waye.

Tsakanin Wudil da Kano

Mutumin Wudil, ko na Garko, Gaya, Albasu, Sumaila ko Takai, idan ciwo ya kama shi farat ɗaya, Babban Asibitin Wudil ne kan zama zangonsa na farko. Alamar fashewa ita ce ciwo mai tsanani a ciki ko a baya ko a kwiɓi, da zufa mai sanyi, da jiri ko suma, wani lokaci a ji wani abu na bugawa a saman cibiya. Sau da yawa akan ɗauka tsakuwar ƙoda ce ko olsa, a tsaya neman allurar kashe ciwo. Gyaran kuwa yana bukatar likitan tiyatar jijiyoyi, da ma'ajiyar jini, da ɗakin kulawa ta musamman, abubuwan da sai a manyan asibitocin koyarwa ake haɗa su, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Likitocin wannan fanni kuma 'yan kaɗan ne a faɗin Najeriya.

Daga Wudil zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ƙetare gadar Wudil ranar Juma'a, ranar da motocin shanu suka cika kasuwa, ya san lissafin kilomita daban, na lokaci daban. A haɗa da jiran mota, da tara kuɗi, da neman masu ba da jini. Duk awar da mutum ya yi jininsa na ƙasa, hanjinsa ne ke biyan bashin. Abin nufi, mara lafiyar da aka ɗauko daga Wudil har aka samu yi masa aiki yana cikin rukunin da ya fi kowa hatsarin mutuwar hanji, kuma ya kamata danginsa su gaya wa likitocin Kano lokacin da ciwon ya fara, da ko ya suma, da awon jinin da aka rubuta a Wudil. Takardar tura mara lafiya tana da daraja, kada a bar ta a mota.

Akwai wani abu da kan ba dangi haushi a hanya: su ga jini ya yi ƙasa amma ma'aikaci bai buɗe ƙarin ruwa sosai ba. Da gangan ne. Kafin a matse jijiyar, idan aka ɗaga ƙarfin jini da yawa, daskararren jinin da ya toshe ramin zai iya ɓallewa, zubar ta dawo sabuwa. Muddin mutum na cikin hayyacinsa yana amsa magana, akan bar awon a ƙasa-ƙasa har a isa tebur.

Alamar da mai jinya kan riga kowa gani

Wahalar gane mutuwar hanji ita ce mara lafiyar ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Yana cikin barcin magani, ko na'ura na taya shi numfashi, ko an ba shi maganin ciwo mai ƙarfi. Ko da ya farka, cikinsa na ɗauke da sabon ɗinki daga ƙasan ƙirji har mara, ciwon ciki ba abin mamaki ba ne. Zazzaɓi ma da hawan fararen ƙwayoyin jini suna biyo bayan kowace babbar tiyata. Alamomin da likita zai dogara da su a wurin wani mara lafiya daban, a nan duk sun cakuɗe.

Akwai guda ɗaya da ba ta cika ruɗarwa ba. Bayan babban aikin ciki, hanji yakan kwanta na 'yan kwanaki. Shi ya sa za ku ji likita a rana ta uku ko ta huɗu yana tambaya ko mara lafiya ya yi tusa. Idan kuwa tun a kwana ɗaya ko biyu na farko ya fara bayan gida ruwa-ruwa, musamman mai jini, ja ko mai duhu, ko mai majina da wari fiye da kima, wannan gargaɗi ne. Hanjin da jini bai ishe shi ba yakan yi ta murɗawa, fatarsa ta ciki mai laushi ta riƙa saɓulewa tana fitowa.

A asibitocinmu da dama, ɗan uwa ne ke canza wa mara lafiya ƙunzugu, shi ke wanke zanen gado. Ma'ana, idonsa ne ke fara sauka a kan wannan shaida, kuma a hannunsa ta fi saurin ɓacewa. Kunya kan sa ɗa ya naɗe abin da sauri ya kai shara don kada a ga tsiraicin mahaifinsa. Murna kan sa uwargida ta ce alhamdulillahi ciki ya warware. Sabo kuma kan sa a ce ai dama Malam na da basir, ko atini ne ya kama shi. Duk ukun niyya ce mai kyau, kuma duk ukun na iya cinye awannin da za a ceci hanji a cikinsu. Ni a ganina, babu wani abu da iyali za su yi wa mara lafiyarsu a wannan kwanaki da ya kai wannan muhimmanci, har da kuɗin da suke ta fafutukar haɗawa.

Abin yi ba shi da wuya. Kada a zubar sai ma'aikacin jinya ya gani. Idan babu kowa kusa, a ɗauki hotonsa a waya, a duba agogo. Sannan a je a faɗa da baki, dalla-dalla: “Sista, Baba ya yi bayan gida ƙarfe biyu da rabi, ruwa-ruwa ne, akwai jini a ciki, ga hoton. Jiya aka yi masa aikin babbar jijiya.” Idan likita ya zo zagaye a sake maimaitawa: “Ranka ya daɗe, wannan ne karo na biyu tun dare.” Ma'aikata na canjin aiki, masu jinya ma na karɓa-karɓa, labari kan faɗi a tsakani. Ƙaramin littafi guda da biro a gefen gado, wanda kowa zai rubuta abin da ya gani da lokacinsa, yana toshe wannan kafa.

Kada a sayo maganin tsayar da gudawa a kemis. Kada a ba da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, domin ƙodar da ta riga ta wahala ba za ta ɗauka ba. Kunu, shayi, ruwan rubutu, zamzam, duk kada a ba shi ta baki sai likita ya yarda. A yi masa addu'a, a tofa, a shafa masa. Hanjin ne kawai ake son ya huta.

Sai dai a kula, ba kowane mai wannan matsala ke yin gudawa ba. Wasu ba sa nuna komai ta nan. Don haka a lura da sauran: ciki na ƙara kumbura yana tauri, fitsarin da ke taruwa a leda ya ragu (mutum mai nauyin kilo 60 ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 30 a awa), numfashi ya yi sauri, ciwo ya tsananta a ƙasan ciki ta hagu, ko mutumin da jiya ya gane 'ya'yansa yau ya rikice. Duk mara lafiyar da ya fara samun sauƙi sannan ya koma baya, a tuna da hanji.

Yadda likitoci ke tabbatarwa

Gwajin jini ne matakin farko. Akwai wani sinadari mai tsami da ake kira laktet, wanda sassan jiki ke fitarwa idan iskar oksijin ba ta ishe su ba. A lafiyayyen mutum awonsa ba ya wuce 2. Bayan irin wannan tiyata dole ya hau, amma ya kamata ya riƙa sauka cikin awanni. Idan ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, akwai inda ke mutuwa a jiki. Ana kuma duba tsamin jini, da ƙwayoyin da ke daskarar da jini ko suna ta raguwa, da aikin ƙoda, da yawan ruwa da maganin da ake bukata kafin awon jini ya tsaya. Babu ɗaya daga ciki da zai yanke hukunci shi kaɗai. Laktet ma kan iya zama daidai alhali hanji ya fara lalacewa, domin hanta na tace shi kafin ya bazu. Yadda lambobin ke tafiya daga safe zuwa yamma shi ake karantawa, shi ya sa ake yawan ɗiban jini, ba don a cinye kuɗin mutane ba.

Mataki na biyu shi ne auna matsin da ke cikin ciki. Bayan fashewa, jinin da ya taru da kumburin hanji da ruwan da aka ƙara duk suna cunkushe a wuri guda. Idan matsin ya yi yawa yakan shaƙe jijiyoyin hanji da na ƙoda, ya tura huhu sama. Wani likitan Amurka, Irving Kron, da abokan aikinsa suka bayyana hanyar auna shi ta mafitsara a 1984. Ana kwantar da mara lafiya rigingine, a zuba ruwan gishirin asibiti da bai wuce mililita 25 ba ta robar fitsari, a toshe hanyar fita, a ɗaga siririn bututu tsaye, a auna tsawon da ruwan ya hau daga saitin ƙashin ƙugu. Awo 12 zuwa sama, a irin ma'aunin da ake awon jini da shi, alamar matsi ne. Idan ya haura 20, wato ruwan ya hau kimanin santimita 27, kuma ƙoda ko huhu sun fara gazawa, to sai an rage matsin, wani lokaci ta hanyar buɗe ɗinkin a bar cikin a rufe da leda ta musamman na 'yan kwanaki. Ana maimaita awon duk bayan awa 4 zuwa 6. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tiyatar jijiyoyi ta Turai ta fitar a 2019 sun ba da shawarar a riƙa wannan awo bayan gyaran fashewa. Gwaji ne da robar fitsari da sirinji da ma'auni suka ishe shi, kuma bai kamata rashin kuɗi ya hana kowane asibiti yin sa ba.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne nuna gaskiya, shi ne leƙa hanjin da ido. Ana zura siririn bututu mai laushi, mai fitila da kyamara a bakinsa, ta dubura, a shiga kimanin santimita 40 zuwa 60, a nan kan gadon mara lafiya. Ba a hura iska da yawa don kada hanji mai rauni ya huje. Lafiyayyen hanji ja-ja ne mai sheƙi, ana ganin ƙananan jijiyoyinsa. Wanda ya fara wahala yakan yi fari-fari, ya kumbura, da ɗigo-ɗigon jini. Idan abin ya ci gaba sai a ga gyambo. Wanda ya mutu kuwa toka-toka ne ko baƙi, ba ya motsi. Tunda kusan duk lalacewar a ɓangaren hagu take, wannan ɗan nisan ya isa a gan ta.

Na'urar na da ƙarfinta da rauninta. Idan ta nuna hanji lafiya, hankali na iya kwanciya sosai, aƙalla na wannan lokacin. Amma fatar ciki kawai take gani, ba za ta iya tabbatar da zurfin lalacewar cikin bango ba. Shi ya sa har yau likitoci ke da ra'ayi biyu: wasu na leƙa hanjin duk wanda aka yi wa gyaran fashewa cikin kwana biyu na farko, wasu kuma sai wanda ya nuna alama ko yake cikin rukunin masu hatsari. Ga mutumin da ya sha doguwar hanya jininsa na ƙasa, bai kamata a jira alamu su taru ba. Dangi na da damar tambaya cikin ladabi ko za a duba hanjin da kyamara, kuma idan likita ne ya fara kawo maganar, kada kunyar wurin da za a bi ta sa a ƙi.

Hoton CT yana taimakawa, musamman don ganin ko jijiyar tsakiya ta toshe ko wani jini na zuba. Amma sai an ɗauki mara lafiya daga ɗakin kulawa, ruwan da ake sawa a jijiya don hoton ya fito yana wahalar da ƙoda, kuma iska da ruwan da tiyata ta bari a ciki suna rikita karatu. Idan mutum na ta lalacewa kuma gwaje-gwaje ba su ba da amsa ba, likita zai iya cewa a koma a buɗe a gani.

Idan aka ce sai an koma tiyata

Lalacewar hawa uku ce. Na farko, fatar ciki kaɗai ta taɓu. Na biyu, ta kai ga tsokar bangon. Na uku, ta ratsa bangon gaba ɗaya. Hawa na farko da na biyu akan bi su da hana abinci ta baki, da ƙarin ruwa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da gyara ƙarfin jini, sannan a sake leƙawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Na farko yawanci yakan warke sarai. Na uku ba shi da magani sai wuƙa. Mataccen hanji zai huje, kashi ya zuba a ciki, kusa da sabon bututun da aka ɗinka a ayota, kuma bututun da ƙwayoyin cuta suka kama masifa ce ta daban.

A nan ne iyalai da yawa ke tsayawa. An yi aiki shekaranjiya, an kashe abin da aka tara, ga shi an ce a sake sa hannu. Wani zai ce ko likitoci sun yi kuskure ne a na farko. Wani zai ce a jira Yaya ya iso daga Legas ko a ji ta bakin Kawu. Mutuwar hanji sananniyar matsala ce da ke biyo bayan wannan tiyata a ko'ina a duniya, har a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki. Jira kuwa ba ya ƙara komai sai ruɓa. Tun ranar aikin farko ya kamata iyali su tsayar da mutum ɗaya mai ikon sa hannu, wanda zai kasance kusa kuma wayarsa a buɗe dare da rana. Masu ba da jini ma kada a sallame su duka su koma Wudil. A bar biyu ko uku da za a iya kira cikin kwana ukun nan.

A aiki na biyu ana yanke sashen da ya mutu. Galibi ba a haɗa bakin hanjin biyu nan take, domin ɗinki a hanjin da jininsa bai daidaita ba yakan warware. Sai a fito da bakin sama ta fatar ciki, a manna masa leda da bayan gida zai riƙa taruwa, a rufe na ƙasa. Wannan salon aiki ya samo suna daga likitan Faransa Henri Hartmann, wanda ya bayyana shi a 1921. Ga wasu, bayan watanni idan ƙarfi ya dawo, ana iya mayar da hanjin yadda yake. Ga wasu ledar ta zauna. Na san abin da ke fara zuwa zuciyar dattijo Musulmi shi ne tsarki da salla da shiga sahu. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan mai lalurar da abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma akwai sauƙi a cikin hukuncin. A kira malamin da mara lafiya ya yarda da shi ya yi masa bayani, kada tsoron najasa ya sa a ƙi aikin da zai ceci rai.

Bayan an sallamo shi ya dawo gida ma akwai sauran lura. Hanjin da ya warke daga hawa na biyu kan iya tsukewa bayan makonni ko watanni, sai a ga bayan gida na wuya, ciki na kumbura, ko jini na biyowa. Sannan duk wanda ke ɗauke da bututu a ayota, ko bayan shekaru ne, idan ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, a garzaya da shi asibiti a kuma faɗi irin aikin da aka yi masa, domin bututun kan iya cin hanjin da ke kwance a kansa. A adana takardar sallama inda kowa a gidan ya sani.

Kumburin ayota ya fi kama maza 'yan sama da shekara 65, musamman masu shan taba ko waɗanda suka taɓa sha, da masu hawan jini, da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi. Bincike ya nuna ya fi yawa a Turawa fiye da baƙar fata, amma yana faruwa a cikinmu, kuma a Afirka akan gan shi a masu ƙarancin shekaru sakamakon cututtuka irin su ƙanjamau da tarin fuka da tunjere. A Ingila tun 2009 aka fara kiran maza masu shekara 65 a duba su da na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, kuma aikin 'yan mintuna ne. Wannan na'ura akwai ta a garuruwanmu. Idan akwai dattijo a gidanku da ya sha taba, ko yake jin wani abu na bugawa a saman cibiya, kada a danna wurin, kada a kai shi a yi masa ƙaho ko tsaga. Ku kai shi a ɗauki hoton cikinsa, ku ce wa mai dubawa ya auna faɗin babbar jijiya ya rubuta muku a takarda.